Sawun Da Ya Tsaya A Rumfar Zarwali

Ana sallame Juma'a aka ji ihun mata daga gidan Haji Sarbuland.

Kafin maza su gama laluben takalmansu a ƙofar masallaci, labari ya zagaye ƙauyen Torkamar. An fasa ɗakin ajiyar Haji. An ɗauke fatun akuya biyu maƙare da garin wiwi na bara, wanda aka tankaɗe da hunturu aka ɗinke. Baba Sangin kuma, ƙanen mahaifin Haji, tsohon da ido da ƙafa suka hana shi zuwa masallaci, an same shi yashe a bakin ƙofar, ƙugu a karye.

Aka aika kiran Mirajan.

Shi ne mai bin sawun ƙauyen, kamar yadda ubansa ya yi kafin shi. Ba shi da gona ko taku ɗaya. Ɗakinsa da turken awakinsa duk a ƙasar Haji suke. Ya iso da sandarsa, ya dubi taron, ya dubi ƙasa.

"Ku ja baya," ya ce. "Kun tattake rabin maganar."

Rabin da ya rage bai ɓuya ba. Abin da ya fara damunsa ke nan. Takalmin kanti ne, mai zanen ƙashin kifi a tafi, ya zo ya koma ta hanya ɗaya. Duk Torkamar takalmin taya ake sawa. Mutum ɗaya ne ke da irin wannan, kuma ba wanda ya jira Mirajan ya faɗi sunansa.

Suka bi. Mirajan a gaba, maza a baya da bindigogi. Darwesh, babban ɗan Haji, sai tura mutane yake yana neman gaba. Wata jar karya mai yankakken kunne ta maƙale masa a baya, ya juya ya kai mata hauri.

"A hankali da amarya, Darwesh," wani ya ce.

Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Tun da ya taɓa jefa mata ƙashi a wani biki ta ƙi rabuwa da shi, ƙauye kuwa ya ɗaura musu aure.

Sawun ya bi gefen gonaki. Wiwin kwarin ya yi kore shar, ya fi mutum tsayi, ganye zalla. Tsakiyar zafi ne, ba zai yi fure ba sai rana ta fara gajarta. Daga nan sawun ya gangara wajen magudanar ruwa, ya tsaya cak a ƙofar rumfar ledar Zarwali. Ga takalman nan a jere a bakin ƙofa.

Zarwali ya yi shekaru yana dako a Karachi, ya dawo da wani iri a ƙunshin takarda. Irin ba ya wuce gwiwa, kuma ba ruwansa da tsawon rana ko gajartarta. In kwanansa ya cika sai ya yi fure, ko wane wata ne. Ya rufa masa leda tun ƙanƙara na kan duwatsu. Ya riga ya girbe sau ɗaya, na biyu ya nuna, alhali na kowa ganye ne. Mutane suka sa wa shukar suna Marar Kunya. Ba su yafe mata ba, ba su yafe masa ba.

Sai ga shi yana gangarowa daga tudu, shebur a kafaɗa, taɓo har gwiwa.

"Lafiya kuka cika mini ƙofa da bindigogi? Biki ake?"

"Bikinka," Darwesh ya ce. "Ina fatun babana?"

"Je ka duba jikinsa."

Aka riƙe Darwesh. Haji Sarbuland ya matso, bai ko dubi Zarwali ba.

"Mirajan, ɗora sanda."

Dokar kwarin tsohuwa ce. In sawun ɓarawo ya shiga ƙasarka, sai a nuna inda ya fita. In ba a nuna ba, mai bin sawu ya kwantar da sandarsa a kan takun ƙarshe, kai ne ɓarawon. A ƙone gidanka, a raka ka bakin kwari, kada ka sake waiwayowa. Amma ba a kunna ashana sai sanda ta kwanta.

Mirajan ya gyara riƙon sandarsa.

"Ban gama ba."

"Me ya rage? Ga sawu, ga takalmi, ga mai takalmi."

"Na ga takalmi, Haji. Ƙafa nake nema."

Dattawa suka haɗa kai suka yi ƙus-ƙus. Aka ce jirga, wato majalisar dattawa, za ta zauna gobe bayan la'asar. Ko ya nuna inda sawu ya fita, ko ya ɗora sanda.

*

Baba Sangin na kwance a gadon igiya, maɗori ya ɗaure masa ƙugu da tsumma da katako.

"Wane ne? Mirajan? Warin bunsuru ya riga ka sallama."

"Sannu, Baba. Me ka gani?"

"Makaho kake tambaya me ya gani. Allah ya jiƙan ubanka, ya tafi da basirar gidanku."

"To me ka ji?"

Tsohon ya yi nishi, ya nemi a ɗaga masa kai.

"Na ji ana dukan kwaɗo. Na rarrafo, na cafki ƙafar mutum. Ya fizge, na faɗi a kan dutsen ƙofa. Shi ke nan jarumtata." Ya miƙo hannu. "Amma sunsuna nan. Tun ɗazu in na shafa gemu sai ya kama."

Mirajan ya sunkuya. Danƙon wiwi ne, ɗanye, mai ƙamshin nan da ke cika kwari da kaka.

"Tun ina yaro nake shaƙarsa," tsohon ya ce, "ban taɓa jin sa a lokacin zafi ba. Na ɗauka na mutu an kai ni wata kakar."

Matan da ke bayan labule suka ce, "Kun ji ko? Zarwali ne."

Mirajan ya miƙe zai fita. Tsohon ya riƙo bakin rigarsa, ya rage murya.

"Akwai wani abu. Da na faɗi, bai gudu nan take ba. Ya tsaya a kaina yana haki. Ya ɗauki rawanina ya tura mini ƙarƙashin kai. Sannan ya tafi."

"Ka gaya wa Haji?"

"Na gaya masa. Ya ce zafin ciwo ne ke sa ni sambatu."

*

Zarwali na zaune a ƙofar rumfa yana wasa lauje.

"Ina kake lokacin salla?"

"Bakin magudana, can sama. Lokacin ne kaɗai ba mai tare mini ruwa."

"Wa ya gan ka?"

"Allah."

"Ba ya zuwa jirga ba da shaida. Takalman fa?"

"Nan suke kwana, nan suke wuni. Takalman shiga gari ne kawai."

Mirajan ya sa shi ya taka ƙasa mai laushi da takalmin, ya tsuguna ya kwatanta. Zarwali ƙato ne, takunsa na nutsewa har kan yatsu. A sawun ɓarawon kuwa gaban takalmin bai ciji ƙasa ba. Ƙafar da ke ciki ba ta cika shi ba. Amma ya san jirga. Ba za su fasa hukunci don babban yatsa ba.

"Buɗe mini."

Zarwali ya warware wayar da ke ɗaure ƙofar. Zafi da ƙamshi suka bugi Mirajan har idonsa ya kawo ruwa. Ga su nan layi-layi, gajeru, kawunansu sun yi nauyi da fure, suna ƙyalli kamar an barbaɗa musu gishiri. Ɗan kwarin ruwa ya ratsa tsakiya har ƙarshen rumfar. A can akwai wata ƙofar, ita ma da waya, tana buɗewa kan magudana mai dutse a gefe da gefe.

Ya gane hanyar. Mutum ya biyo cikin ruwa, ya shigo ta baya, ya ratsa, ya sa takalmi. Ya dawo, ya cire, ya ratsa, ya koma ruwa. Ruwan da Zarwali ya sako daga sama ya wanke tsakiyar tas. Gane hanya daban, nuna ta daban.

Ya taka har ƙarshe ya dawo. Da ya dubi wandonsa, daga gwiwa zuwa ƙasa danƙo ya sa ya kama fata, yana ɗaukar ƙura.

"Haka take," Zarwali ya ce. "Ba ta barin baƙo ya fita hannu rabbana."

Mirajan ya sake bin layukan da ido. Ya hango wasu ƙananan rassa a karye can ƙasa, nesa da inda mutum zai bi. Ya durƙusa, ya ɗaga ganye da sanda. A cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa, inda ruwa bai kai ba, ga dagi huɗu. Ga jan gashi ya manne a jikin fure.

"Kana da kare?"

"Inna ba ta yarda ko inuwarsa ta shigo."

"Ka taɓa barin ƙofa a buɗe?"

"Da awakinka a gari? Ban haukace ba."

Mirajan ya fita ya sake bin sawun shi kaɗai, har ɗakin ajiya, ya dawo. Haushin kansa ya kama shi. Sawun kare a ƙauye kamar kashin kaji ne, ido ba ya ƙirga shi. Amma wannan yana kan takalmin, zuwa da dawowa, taku ɗaya a baya.

Ya tarar da Zarwali inda ya bar shi.

"Ban da tabbacin zan kai gobe da wani abu a hannu," ya ce. "In kana da hankali, ɗauki tsohuwa ku haye dutse yau."

"Ba inda za ni."

"Za su ƙone gidan."

Murya ta fito daga bayan katanga, busasshiya, mai kaifi. Inna Bahtawara ce, uwar Zarwali.

"Mirajan! Ka gaya wa Sarbuland, a ɗakin nan na haifi yaron nan, a ɗakin nan na wanke ubansa. In zai kunna wuta ya kunna, ina ciki. Amma ya zo da kansa, kada ya turo yara."

"Na ji, Inna."

"Ba ji na ce ka yi ba. Faɗa na ce."

*

Mutum na farko da ya zo masa a rai shi ne Gulistan, ɗan baffan Zarwali. In aka kori Zarwali, shi zai gaji filin da ruwansa. Gajere ne mai ƙaramar ƙafa, yana da kare, kuma ba a gan shi a masallaci ba.

Ya same shi a tsaye a tsakar zaurensa, ya dafa bango.

"Zauna mana, Gulistan."

"Na fi son tsayuwa."

"An ce kana son filin ɗan'uwanka."

"An ce? Ni na faɗa, a gaban kowa. Ranar da aka raka shi bakin kwari rago zan yanka, har kai zan aika wa cinya."

"Ina kake da Juma'a?"

"Gida."

"Kana me?"

"Abin da bai shafe ka ba."

"Gobe zai shafi jirga."

Gulistan ya dubi ƙofa, ya dubi rufi. Fuskarsa ta yi ja.

"Maruru," ya ce a hankali. "A mazaunai. Kamar ƙwan agwagwa. Uwar yara ce ke matse mini shi lokacin da kuke salla. Wallahi in na ji maganar nan a bakin wani, sai na harbe ka."

"Taka zuwa ƙofa in gani."

Ya taka, ƙafafu a wawware kamar mai haye rafi. Wannan ko tulu ba zai ɗauka ba, balle fatu biyu. Karensa kuma baƙi ne wuluk.

"Allah ya sawwaƙe," Mirajan ya ce.

"Kai dai ɗora sandarka ka huta. Kowa ya gaji da yaron nan da ciyawarsa."

*

Da safe Haji ya aiko a kira shi. Ya zaunar da shi a kan darduma, abin da bai taɓa yi ba, ya zuba masa koren shayi da hannunsa.

"Ubanka ya shigo kwarin nan ba shi da ko tabarma. Babana ya ba shi wuri."

"Haka ne."

"Ban taɓa yi maka gori ba."

"Sai yau."

Haji ya ajiye kofinsa.

"Saurara, yaro. Ba fatu biyu ne damuwata ba. Irin kwarin nan kakanninmu suka bar mana. In ƙurar furen waccan tsinanniyar shukar ta bi iska ta shiga gonakinmu, jikokinmu iri gajere kamar wada za su girba. Allah ya kawo mana hanyar rabuwa da ita, ga sawu har ƙofa. Me kake nema kuma?"

"Wanda ya karya ƙugun baffanka."

"Ka san shi."

"Ban san shi ba tukuna. In kuna son korar shuka, ku kira jirgar shuka. Ni ɓarawo aka ce in bi."

"Ɗakin da kake kwana fa, Mirajan."

"Na san na wane ne."

Ya shanye shayin, ya kife kofi.

"Inna Bahtawara ta ce in za ka kunna wuta, ka je da kanka. Tana ciki."

Ya ɗauki sandarsa ya fita.

*

Ranar nan Torkamar ta ga abin da ba ta taɓa gani ba. Mirajan ya cika aljihu da busasshiyar gurasa, ya bi lungu-lungu yana kiran karnuka. Duk ja ko mai ratsin ja sai ya jefa masa gutsure, ya tsuguna, ya shafa cikinsa, ya sunsuna hannu.

Mazauna bakin kanti suka miƙe don su gani da kyau.

"Mirajan, mata kake nema? Ka yi magana a nema maka ta mutane!"

"Ku bar shi, surukansa yake gaisarwa."

Liman ya wuce ya girgiza kai. "Hannun nan sai ka wanke shi sau bakwai kafin ka shigo mini masallaci."

Wani kare ya yage masa hannun riga. Wani ya bar masa haƙori a dantse. Duk warin kare suke, ba wani abu ba. Rana ta take, gurasa ta kusa ƙarewa.

A ƙarƙashin teburin mahauci ya ga ta ƙarshe, tana haki a inuwa. Ya jefa mata abin da ya rage. Da ya kai hannu cikinta, gashin ya dunƙule ƙulli-ƙulli, ƙura da ɓarɓashin fure sun manne a ciki. Hannunsa ya kama. Bai ma buƙaci sunsunawa ba.

Ya daɗe a tsugune. Ya dubi tudu, inda ɗakinsa yake da awakinsa. Sannan ya ce wa mahauci ya ara masa igiya.

*

Bayan la'asar maza suka yi da'ira a ƙarƙashin babbar bishiyar masallaci. An jingine bindigogi a bango. Zarwali na zaune shi kaɗai a gefe ɗaya, Gulistan na tsaye. Mata sun cika rufin gidaje. A bayan da'irar samari biyu na tsaye, kowanne da jarkar fetur.

Mirajan ya shigo tsakiya yana jan jar karya mai yankakken kunne.

Wuri ya kaure.

"Kare a jirga?"

"Fitar da najasar nan!"

"Wannan wulaƙanci ne, Haji!"

Dattijon da ke jagorantar zaman ya ɗaga hannu. "Mirajan, ka sha wani abu ne?"

"An ce in nuna inda sawu ya fita, Baba. Da ita aka shiga, da ita aka fita."

Ya shafa cikin karyar, ya miƙa wa dattijon hannu. Tsohon ya kau da kai, sannan hancinsa ya ci amanarsa. Ya matso.

"Ɗanye ne," ya ce.

"A ina ake samun ɗanye yau a kwarin nan?"

Idanu suka tafi gangare, inda leda ke ƙyalli.

"Ƙofofin rumfar biyu da waya ake ɗaure su. Kare ba ya kwance waya. Wani ya buɗe, ta bi shi."

"To ai shi ke nan," Darwesh ya ce daga gefen ubansa. "Mai rumfa ya buɗe rumfarsa."

"Sawunta na kan takalmin daga rumfa har ɗakin ajiya, daga ɗakin ajiya har rumfa. Taku ɗaya a baya. Duk mai shakka ya tashi in nuna masa, na kife kwanduna a kai." Ya dubi da'irar. "Wa ya taɓa ganin ta tana bin Zarwali?"

Ya saki igiyar.

Karyar ta tsaya tana rawar jiki, ta dubi fuskoki. Sai ta sunkuyar da kai, ta ratsa tsakiyar da'irar tana kaɗa wutsiya, ta kwanta a gaban Darwesh ta ɗora haɓa a kan takalminsa.

Yau ba wanda ya yi dariya.

Darwesh ya hankaɗe ta. "Yanzu karya ce shaida a Torkamar? Haka muka lalace?"

"Ba shaida ba ce. Rakiya ta yi mini. Baba Sangin ƙafa ya kama, hannunsa ya fito da danƙo. Mutum uku nake so su ɗaga wando zuwa gwiwa. Zarwali."

Zarwali ya ɗaga. Taɓo, ƙura, danƙo sabo da tsoho, ko wankewa bai yi ba.

"Nawa ne," ya ce. "A cikinsa nake wuni. Ban ɓoye wa uban kowa ba."

"Gulistan."

"Zuwa gwiwa kawai ka ce, ko?"

"Kawai."

Ya ɗaga. Busassun ƙwauri, fari fat da ƙura.

"Darwesh."

"Ba zan tuɓe wa makiyayin awaki ba."

Haji Sarbuland ya juya ya dubi ɗansa. Har lokacin bai yarda ba, ana gani a fuskarsa.

"Ɗaga, ka kunyata shi."

"Baba..."

"Na ce ɗaga!"

Ya ɗaga. Ƙwaurinsa na sheƙi. Gashin ya tsige wuri-wuri, fatar ta yi ja saboda gurza.

"Kowa a nan ya san abin da ke cire danƙo," Mirajan ya ce. "Ruwa ba ya yi, sai mai. Amma da kaka muke shafa shi. Wa ke shafa mai a ƙwauri da wannan zafin?" Ya juya ga Darwesh. "Ka ga shukar ba ta wuce gwiwa ba, ka ɗauka jaririya ce irin tamu, za ka ratsa ka fita fes. Da ka ji ta kama ka, ka goge naka. Na karyar ne ba ka tuna ba, don ba ka taɓa juyowa ka dube ta ba sai da hauri."

Ya kwantar da sandarsa a ƙasa, a gaban ƙafafun Darwesh.

Darwesh ya dubi sandar. Da ya ɗago, ba kunya a idonsa.

"Fatun suna cikin tsohon gidan niƙa, bakin ruwa. Ku je ku ɗauka." Ya juya ga ubansa. "Furfura ta fara fito mini, 'ya'yana sun fara tasawa, ban taɓa riƙe mabuɗin ɗakin ajiyar nan ba. Ni ke noma, ni ke tankaɗe har in yi tarin jini. Na ce mu gwada sabon iri a kusurwa ɗaya, ka mare ni a gaban baƙi. Zarwali kuma na roƙe shi 'yan ƙwayoyin iri, ya ce in je in nemo izinin babana, kamar ɗan goye. Na so in sayar da fatun in bar muku kwarin, ku duka." Muryarsa ta sauka. "Baba Sangin ne kawai ban yi niyya ba."

Haji ya sunkuyar da kai.

Dattijon jirga ya yi gyaran murya, ya shafa gemu, ya dubi sauran dattawa.

"To. Tun da abin ɗa ne da uba, magana ta koma cikin gida. A tashi."

"Ba a tashi ba," Mirajan ya ce.

"Me kuma?"

"Jiya da bindigogi kuka kira mutum ɓarawo, a ƙofar uwarsa. Yau ba za ku wanke shi da tari ba. A faɗa da baki, mata su ji."

"Mirajan, ka san matsayinka."

"Na sani. A faɗa."

Dattijon ya dubi Haji. Haji na kallon ƙasa.

"Zarwali ɗan Mirdad ba shi da laifi," tsohon ya ce. "Gidansa na nan, ƙasarsa na nan."

"Ba mu ji ba!" Inna Bahtawara ta ƙwala daga kan rufi.

Ya maimaita da ƙarfi, jijiyar wuyansa ta tashi.

Gulistan ya yi tsaki. "Amma dai a tumɓuke ciyawar nan. Ita ta jawo duk wannan."

"Zo ka tumɓuke," Zarwali ya ce. "In ka iya sunkuyawa."

Wani ya tuntsire da dariya, ya mayar da ita tari. Gulistan ya zuba wa Mirajan ido kamar zai cinye shi.

Haji ya miƙe da ƙyar. Da ya zo daidai Mirajan ya tsaya, bai dube shi ba.

"Kafin ƙanƙara ta sauko, ka kwashe awakinka daga ƙasata."

"Ba sai ta sauko ba. Gobe."

Haji ya wuce, ɗansa a baya. Maza suka fara ɗaukar bindigoginsu ɗaya bayan ɗaya, kowa na kallon wani wuri. Samarin nan biyu kaɗai aka bari tsaye da jarkokinsu, ba wanda ya gaya musu abin da za su yi.

Zarwali ya taka har gabansu.

"Wannan don gidana aka sayo shi, ko?"

Suka dubi juna. Ɗaya ya gyaɗa kai.

"To nawa ne."

Ya karɓe jarka ɗaya ya saɓa a kafaɗa. Ya dubi Mirajan.

"Bayan rumfa akwai fili, ba abin da ke fitowa sai ƙaya. Awaki na cin ƙaya?"

"Suna cin leda ma."

"In suka taɓa mini leda zan yanka su."

"Sai ka fara kama su."

Mirajan ya ɗauki jarka ta biyu. Suka ratsa ta tsakiyar dattawa, ba ta gefe ba, aka dare musu hanya.